Shari'ar Ƙasaita

Tunda ƙuraje suka feso wa jikansa a wuya da hannuwa, Baba ya san kashin Ƙasaita ya bushe. Ƙasaita kyanwa ce, baƙa mai farin ƙirji, wadda marigayiya matarsa ta tsinto a bakin kwata tana 'yar mitsitsiya. Matar ta tafi ta bar masa ita, shi kuma da ya ajiye tuƙin bas ya koma gidan autarsa da zama, jakarsa a hannu ɗaya, kyanwar a ɗaya hannun.

Likita ya ce cizon ƙwaro ne. Auta ba ta tsaya dogon bincike ba, don mai laifi na nan a gabanta tana lasar ƙafa. Kuma gaskiya Ƙasaita ba ta taimaki kanta ba. Kwanakin nan ba ta da wurin zama sai ɗakin jaririn. A kore ta da tsintsiya, kafin a juya ta koma ta ɗare saman kabad.

"Ƙuma ce a jikinta, Baba," in ji Auta. "Ka yi haƙuri, amma sai ta bar gidan nan."

"Ni da take kwana a ƙafata, me ya sa ba a cije ni ba?"

"Fatarka ce ta fi ƙarfinsu. Haƙoransu za su karye."

Da wata rana ce da Baba ya yi dariya. Ran nan kuwa ya ga kwalin da aka huhhuda a bayan ƙofa, ya kuma ji cewa wani abokin surukinsa mai sito yana neman kyanwar da za ta kama masa ɓeraye. Ɓeraye! Ƙasaita da ko kyankyaso ta gani sai ta ɗage ƙafa ta ba shi hanya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, sai dai wane kaka ne zai buɗe baki ya fifita kyanwa a kan jikansa?

Surukin, mutum mai sanyin hali, shi ya kawo shawara. Ya ce ko an kai kyanwar, ƙwarin da ta zubar suna nan, gara a kira masu maganin ƙwari su duba gidan tukuna. Baba ya gyaɗa kai kamar ya yarda, a ransa kuwa cewa ya yi an kira alƙali ne kawai ya sa hannu a hukuncin da aka riga aka yanke. Saboda haka da safiyar da za a zo, ya cusa Ƙasaita cikin kwandon wanki, ya jibga mata riguna, ya ƙure muryar rediyo, ya ja ƙofar ɗakinsa.

Ya zaci zai ga ƙato da tanki a baya yana fesa duk abin da ya gani. Sai ga wata mata gajeriya mai fara'a, da jakar kayan aiki da ɗan tsani. Ta gaishe shi har da rusunawa, ta ce ba ta feshi sai ta san abin da take fesawa. Ta dudduba cizon da ke jikin yaron, ta tambayi inda yake kwana da ko akwai wani kuma da aka ciza. Ta ɗaga katifa ta bi ɗinkinta da tocila, ta ce babu kuɗin cizo. Daga nan ta cire takalmi, ta zura farar safa doguwa har gwiwa, ta shiga jan ƙafa a kan darduma daga falo zuwa ɗaki.

"'Yata, rawa aka kira ki ko aiki?" in ji Baba.

"Duka biyun, Baba. In akwai ƙuma, da kansu za su yi tsalle su hau safar, a kan fari kuwa ba su da wurin ɓuya."

Ta ɗaga ƙafa, safa fes. Baba ya ji zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Sai matar ta waiwayo ta ce, "To ina kyanwar? Ina so in taje ta."

"Ta fita yawo," in ji Baba, yana kallon silin.

Bai rufe baki ba aka ji faɗuwar kwando, sai wani kuka mai tsawo da ya danne muryar mai karanta labarai. Ƙofar da ma ba ta kamawa sosai. Ƙasaita ta fito da singiletin Baba rataye a wuyanta, ta ratsa ta tsakanin ƙafafunsu ba ta kalli kowa ba, ta shige ɗakin jaririn ta haye kabad.

Auta ta riƙe ƙugu. "Yawo ko, Baba? Kin dai gani da idonki, kullum nan take."

Baba ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya rufa mata asiri, ita kuma ta tona wa kanta a gaban alƙali.

Mai maganin ƙwarin ta nufi ɗakin jaririn. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kyanwar, kyanwar kuma ta miƙa wuya, jela na kaɗawa.

"Maman yaro," ta ce, "in ta hau can, gadon take kallo ko sama?"

Duk suka bi idon Ƙasaita. A saman tagar da gadon jaririn ke jingine da ita akwai 'yar kafar shan iska mai raga, gefen ragar ya yage. Matar ta kafa tsani, ta manna salatif a bangon ƙasan kafar, ta ɓare ta liƙa a farar takarda, ta miƙa wa Baba tare da gilashin ƙara girma. Da ido, abin da ya manne a salatif ɗin kamar ƙura ne. A cikin gilashin kuwa ƙurar tana da ƙafafu.

"Ƙwarin jikin tsuntsaye ne," in ji ta. "Tsuntsaye sun yi sheƙa a kafar nan. 'Ya'yan sun girma sun tashi, ƙwarin suka rasa abinci, suka gangaro kan wanda ya fi kusa. Ita wannan motsin tsuntsayen ta saba ji, har yanzu tana zuwa ko za su dawo."

Duk da haka sai da ta taje Ƙasaita a kan farar takarda, daga kai har jela. Ba abin da ya zubo sai gashi.

Zo ka ga Baba! Ya miƙe tsaye, ciwon gwiwar da yake kuka da shi ya ɓace. "Na faɗa! Aiki take yi muku, gadi take yi, kuna bin ta da tsintsiya!" Ya ɗaga ta sama yana mata kirari, ita kuwa tana ta ƙoƙarin ƙwacewa. Surukin ya juya baya kafaɗunsa na rawa, matar ma sai da ta dafa tsani don dariya.

Sauran aikin ya tafi a tsanake. Ta sa safar hannu da takunkumi, ta zaro sheƙar ta ɗaure a leda, ta zuƙe kafar da inji, ta fesa magani a nan da kewayen tagar kaɗai, ta buga sabuwar raga. Ta ce a wanke kayan shimfiɗar yaron da ruwan zafi, ya kwana a wani ɗakin har sai wannan ya sha iska, za ta kuma dawo ta duba. Baba ya raka ta har bakin mota yana sa mata albarka, ya ƙi yarda kowa ya ɗaukar mata tsani sai shi.

Da ya dawo ya tarar da Auta durƙushe a bayan ƙofa. Ta zo ɗauke kwalin ne ta jefar, ta iske Ƙasaita ta riga ta shige ciki ta naɗe, tana barcinta.

"Ni ma ba so nake ta tafi ba, Baba," ta ce ba ta ɗago ba. "In ta yi kuka a ƙofar kicin, ji nake kamar Mama za ta amsa mata."

Baba ya dafa kanta. Auta ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon zanen mahaifiyarta da ta daɗe tana ɓoyo. Ta ɗaga kyanwar a hankali ta shimfiɗa shi a cikin kwalin, ta mayar da ita. Ƙasaita ta shinshina zanen, ta tattake shi da ƙafafun gaba, ta kwanta tana gurnani.