Furar da Ba a Sha Gaban Suruki

Shekara biyu da samun mulkin kai, ɗakin shan magani na Gidan Rumji mai jinya guda gare shi, Isaka, wanda jama'a ke kira likita ko da yake ya gaji da gyara musu. Cikin marasa lafiyarsa babu mai hana shi sukuni kamar Ɗangana, saurayi mai ciwon sukari. Kowace safiya Isaka kan ciro kwalbar magani daga tukunyar da ya binne cikin jiƙaƙƙen rairayi, ya yi masa allura, ya maimaita masa cewa allurar nan abinci take jira, in ba ta samu ba mutum take ci.

Wata rana cikin damina, gab da azahar, Mudi, wan Ɗangana, ya faɗo ɗakin yana haki. Ya ce Ɗangana ya yanke jiki ya faɗi a gonar Malam Chindo, uban yarinyar da zai aura, inda samari ke yi masa gayyar noma. Isaka ya cusa ƙullin sukari a aljihu, ya hau keke.

Ya tarar da shi kwance gindin tsamiya, gumi mai sanyi ya jiƙe masa riga, hannuwa na karkarwa, yana sambatu. Wata tsohuwa na kewaya kansa da kaskon turare, wai iskoki ne.

"Mi ya ci tun safe?" in ji Isaka.

Mudi ya sunkuyar da kai. "An kawo fura, amma Baba Chindo na zaune nan bai tashi ba. Ka san suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa."

Tun fitowar rana yaron ke duƙe da hauya, allura na aiki a jininsa, samari ashirin sun sha sun ƙoshi kusa da shi, babu wanda ya ja shi bayan hatsi ya ba shi ludayi biyu. Isaka kansa ya ga hauyar a kafaɗar Ɗangana da sassafe wurin allura, bai tambaye shi inda za shi ba. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ya ture kaskon, ya jiƙa sukari a ludayin ruwa, ya tallafo kan Ɗangana. Mudi ya riƙe masa hannu.

"Likita, ba kai ka ce sukari guba ne gare shi ba?"

"Yau shi ne maganinsa. Sakar mini hannu, ko kuwa ka je ka fara gina masa kabari."

Ɗangana yana iya haɗiya, amma da idonsa ya sauka kan babbar rigar Malam Chindo sai ya datse haƙora ya kau da kai. Hankali ya gushe, kunya ba ta gushe ba. Isaka ya sani in ya suma gaba ɗaya ba a ɗura masa komai, kuma ba shi da ruwan sukari na jijiya, asibitin Maraɗi kuwa ya yi nisa.

Ya ɗaga kai. "Baba, ku bar wurin nan."

"Ni? Cikin gonata?" in ji Chindo. "Yaro, abin da aka koya maka a makarantar lakol ke nan, korar dattijo?"

"An koya mini cewa wanga saurayi ba zai kai la'asar ba in bai sha ba. Kun ga bai taɓa fura ba, kuka ci gaba da zama kuna jin daɗin an ba ku girma. To, ga girman nan kwance. Ku zaɓa, Baba, inuwar tsamiya ko surukinku."

Chindo ya dube shi da jajayen idanu, ya kakkaɓe rigarsa, ya nufi iyakar gona ba tare da ya waiwaya ba. Tsohuwar ta bi shi da kaskonta.

Isaka ya ɗiga ruwan a gefen bakin Ɗangana kaɗan-kaɗan, yana duban maƙogwaronsa. Ludayi ɗaya ya shiga, na biyu ya bi. Bayan kamar kwatan awa, karkarwar ta lafa, idanu suka daidaita.

"Ya gan ni ina sha?" in ji Ɗangana, muryarsa can ƙasa.

Isaka ya jawo ƙwaryar fura ya dangwarar a gabansa, don sukari kaɗai ba ya riƙe mutum.

"Ya tafi. Shanye ta duka, ina kallo. Ni ba surukinka ba ne."

Ɗangana ya kafa kai. Isaka bai sauke yatsunsa daga wuyan hannunsa ba sai da ƙwaryar ta koma wayam.