Kwano Ɗaya Don Baban Sang-pil

Shekara ta kusa zagayowa da rasuwar mijina Chun-bae, na je ƙuryar tsakar gida inda randunanmu suke jere, na tsaya a kan randar giyata. Tana nan a kife tsakanin ta waken miya da ta barkono, gansakuka ta cinye mata gindi. Ni na kife ta da hannuna ranar da muka dawo daga asibiti, bayan likita ya ce hantar mutumin ta gaji, in ya sake kai kwanon giya baki to mu fara nema masa wurin kabari a kan tudu. Lokacin ɗanmu Sang-pil bai gama sakandare ba. Yanzu shi ma furfura ta fara leƙo masa.

Baban Sang-pil ya so giyar shinkafata fiye da yadda ya so ni, kuma ban taɓa jin haushi ba, tunda ni ke dafa ta. Da na daina, sai ya koma shan shayin sha'ir yana ɓata rai kamar an ba shi magani. Ruwan wanke-wanke yake kiransa. Haka muka tsufa, ina zuba masa, yana ƙorafi, yana shanyewa. Ya daɗe fiye da yadda likitan ya zata, amma duk lokacin dashen shinkafa, in maza suka zauna a bakin gona ana zagayawa da butar giya, sai in ga ya tashi wai zai duba ruwa. Abin yana ci mini rai, ban dai taɓa faɗa masa ba.

Ranar cika shekara za mu hau tudu, mu shimfiɗa tabarma a gaban kabarinsa, mu jera masa abinci, mu zuba masa abin sha. Sang-pil ya bugo waya daga Seoul.

"Inna, kar ki wahalar da kanki. Zan tsaya a kanti in sayo kwalba biyu."

"Ta kanti? Ubanka ya shekara da shekaru yana haɗiyar yawu, sai ka kai masa ruwan roba?"

"To ai ke kin daina tun ina yaro."

"Na daina saboda hantarsa. Inda yake yanzu akwai hanta ne?"

Ya yi dariya, ni kuwa ba wasa nake ba. Na ƙudura a raina cewa ranar nan tawa zai sha, ba ta kowa ba.

Na sayo nuruk a kasuwa, curin alkamar nan da ake takawa a bar shi ya yi fumfuna, wanda in babu shi shinkafa ba ta tashi. Na daka shi, na shanya kwana da kwanaki, rana ta doke shi, raɓa ta sauka a kansa, har warin ya fita. Na wanke shinkafa, na sake wankewa, na yi ta yi har ruwan ya fito garau, bayana kuwa kamar zai ɓalle. Na turara ta, na baza ta huce. Randar na wanke ta, na kifa ta a kan wutar karan shinkafa ta sha hayaƙi. Abin mamaki, kaina ya manta rabin aikin, amma hannuna bai manta komai ba. Ina cuɗa shinkafa da nuruk da ruwa, sai na ji ina rera waƙa, ni da rabona da waƙa tun kafin jinyarsa.

Na kai randar ɗakina, na ajiye a kusurwar da ta fi ɗumi, na lulluɓe ta da bargon auduga mai kauri na ɗaure da igiya, kamar yadda uwar mijina ta koya mini ina amarya. Washegari na kara kunne, na ji ta fara magana, tsit-tsit kamar yayyafi a kan kwano. Daɗi ya kama ni har na yi mata sannu.

Sai dai ta yi saurin baki. Kafin in ankara tana tafarfasa, ɗakin ya ɗauki wani wari mai hawa kai. Na buɗe na tsoma yatsa na lasa, haƙorana suka mutu nan take. Tsami ne zalla, ko kare aka ba sai ya yi ƙara. Na zauna a gefenta ina hawaye, ina cewa shi ke nan, hannun ya mutu, tsufa ya gama da ni.

A haka Ok-bun ta same ni. Ƙanwar mijina ce, a ƙarshen ƙauye take, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan nan muke tsokanar juna ba hutu. Ta tuɓe takalmi, ta taka daɓen ɗakin, ta ɗage ƙafa da sauri.

"Kai! Yaya, giya kike dafawa ko ƙwai?"

"Gwaggon yara, in ba'a ce ta kawo ki, ga hanya can."

"A'a, ki taɓa ƙasan nan ki ji. Kin sa ta a kan wuta, kin kuma rufa mata bargo. Ko ni aka yi wa haka sai na yi tsami."

"Ke ai ba a buƙatar bargo, haka aka haife ki."

Na faɗa ne don kar ta ci bulus, amma hannuna na kan daɓen, kuma na riga na gane. Da can hayaƙin murhu ne ke bi ta ƙarƙashin ɗaki ya ɗumama shi. In wuta ta mutu, daɓe ya huce da kansa, bargon ne ke riƙe wa randa ɗan ɗuminta zuwa safe. Tun bayan da na kife randar aka fasa daɓen aka shimfiɗa bututun ruwan zafi, inji ne ke hura shi, shi kuwa inji ba ya barci. Ina taka daɓen nan kullum, amma da na ɗauki randa sai na koma gidan yadda na san shi ina amarya.

Ganewar ba ta rage mini komai ba. Kwanaki sun ƙure, nuruk ɗina ya ƙare, ko na samo wani babu lokacin shanya shi.

Ok-bun ta fita ba sallama. Can an jima na ji ƙarar tsohon keken jariran da take dogarawa in za ta yi tafiya. Ta shigo da ƙunshi a cikinsa, ta dire a gabana.

"Ga shi. Nuruk ɗina ne, da dugadugaina na taka shi bara da zafi. Ya sha rana, ya sha raɓa, jiƙawa kawai za ki yi."

Ita ba ta taɓa daina dafawa ba, ni kuwa na shekara talatin ina cewa giyarta ta fi dacewa da wanke ƙafa. Na dubi ƙunshin, kunya ta rufe ni.

"Na bikin jikarki ne fa kika tanada."

"Jikata tana da rai, za ta jira. Tashi ki ɗora ruwa, kin zauna kina ta hawaye kamar amarya."

Ita ta wanke shinkafar wannan karon, tana yi tana zagin bayana da ya kasa. Da aka zo cuɗawa ta naɗe hannun riga, na ture ta.

"Nan kam a'a. Tawa zai sha."

Ba ta yi musu ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarta. Muka ajiye randar a kan katakon zaure inda babu bututu, muka rufe bakin da ƙyalle kawai. Kullum da safe sai ga keken jarirai a ƙofa. Ta kara kunne, in kara kunne, mu dubi juna. Giyar tana magana a hankali, kamar ba ta san ana jiranta ba, ni kuwa ina ta ƙirga kwanaki.

Safiyar ranar, ƙwayoyin shinkafa sun taso sama suna yawo, amma ba ta gama yin shiru ba. Na tace ta a ƙyalle, ta fito fara sol, na cika buta. Abin da za a kai wa mamaci ba a ɗanɗana shi kafin ya ci, don haka ko yatsa ban tsoma ba. Na shinshina, hancina ya ce lafiya, amma hancin nan ne ya yaudare ni a ta farko. Sang-pil ya iso da matarsa, ya nuna mini kwalaben kanti a bayan mota, wai ko da za a buƙata. Na ce ya bar su inda suke.

Muka hau tudu, ina rungume da butar, ban yarda kowa ya karɓa ba. Ciyawar kabarin ta fara kore. Aka jera busasshen kifi da tuffa da wainar shinkafa. Sang-pil ya durƙusa ya riƙe kwano da hannu biyu, matarsa ta zuba, ya ajiye a gaban uban, ya yi sujada sau biyu. Muka juya baya muka ba shi wuri ya ci. Da aka ɗan jima Sang-pil ya ɗauki kwanon ya zuzzuba a gefen kabarin sau uku, ƙasa ta shanye.

Sai aka zo rabon masu rai, kuma ni ce babba, ni zan fara sha. Na ɗaga kwanon, sai na tsaya. In tsami na ba shi fa? Na miƙa wa Ok-bun.

"Ke fara. Bakinki ba ya rufa wa kowa asiri."

Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta sake kurɓa mai yawa. Ta goge baki da bayan hannu, ta juya ga kabarin.

"Mugu. Ashe da gaskiyarka."

"Gwaggo, me ya yi miki kuma?" in ji Sang-pil.

"Tambayi ubanka. Duk shekara da dashe, in ya tashi daga cikin maza wai zai duba ruwa, kuna tsammani gona yake zuwa? Gidana yake zuwa. Ya zauna a bakin zaure ya ce, Ok-bun, zuba mini kwano ɗaya."

Na juya gare ta. Na ce, "Kika ba shi?"

"Yayana ne, in hana shi? In cika masa kwano, ya riƙe da hannu biyu, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya yi ta shaƙa. Ko ɗigo bai taɓa kai wa harshe ba. Sai ya ture mini abina ya ce, ba laifi, amma ba ta kama ƙafar ta Uwar Sang-pil ba, ni ita nake jira. Shekara da shekaru yana raina mini giya bai ko ɗanɗana ba!"

Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kuncinta. Na karɓi kwanon na sha abin da ta rage. Ba ta gama nuna ba, tana ɗan cizon harshe, amma zaƙin shinkafar na nan, da ƙamshin nan da ke tsayawa a maƙogwaro. Tawa ce. Godiya ta cika mini ciki har na rasa wanda zan fara yi wa, ko tsohuwar nan mai baki da ta ba ni tanadin jikarta, ko hannuna da bai ba ni kunya ba, ko shi da ke kwance.

Na ɗauki butar na matsa kusa da kabarin, na cika kwanon har ya tumbatsa.

"Inna, an riga an zuba masa," in ji Sang-pil a hankali.

"Wancan naka ne."

Gwiwoyina suka yi ƙara da na durƙusa. Na zuba a kan ciyawar kaɗan-kaɗan, don kar ya ƙware.

"Sha, Baban Sang-pil," na ce. "Na gode da ka jira."