Takwarar Inna

Mahmudu kafinta ya shekara takwas da aure a unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda, amma ko sau ɗaya bai taɓa kiran matarsa da sunanta na yanka ba. Ba don raini ba. Matar 'yar Indonesiya ce, irin mutanen da ake ce wa Jawa a Jidda. Mahaifinta ya zo aikin hajji da ita tana ƙarama, ya zauna yana ɗinki har Allah ya yi masa rasuwa. Sai ranar ɗaurin aure Mahmudu ya ji liman ya ambaci sunan amarya, ashe sunan mahaifiyarsa ne sak. Ni da ba ɗanta ba ne, zan iya faɗa: Zakiya. Tun daga ranar ya sa wa matar Barakatu, unguwa ta ɗauka, dangi suka ɗauka. Bayan rasuwar mahaifinta kuwa ba wanda ya ƙara kiran ta da sunan farko.

Cikin watan Rajab wasiƙa ta iso daga Bur Sudan, inda dangin Mahmudu suke. Ƙanensa Na'ibi ne ya rubuta da Larabci, Inna tana faɗa masa. Ta ce jiki ya yi nauyi, ido ya tafi, tana son ya kawo mata jikokinta biyu da uwarsu. A gefen takardar Na'ibi ya ƙara nasa layi ɗaya: idan Yaya yana son ya same ta, kada ya bari jirgin ruwan Alhamis ya wuce shi.

Shi da yara ba su da matsala, fasfon Sudan gare su. Barakatu ce ke buƙatar biza. Kwana biyar Mahmudu ya rufe shago yana zarya. Ya kai ta aka ɗauki hoto huɗu, aka yi mata allurar rigakafi aka ba ta katin nan ruwan ɗorawa. Ya je wurin kafilinta, wato mai tsaya mata a wajen hukuma, wani attajirin yadi da take yi wa ɗinki, ya sa hannu aka buga mata izinin fita da dawowa. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ba ta mutu ba, fasfonta ma haka. Takardar aure ce babu, don a zauren masallaci aka ɗaura, shaidu suka ci dabino kowa ya kama gabansa. Aka ce masa wasiƙar Inna ta wadatar a matsayin gayyata, tunda akwai hatimin mai unguwa a kanta.

Ranar Alhamis da hantsi suka bar yara da kaya a wurin maƙwabciyarsu Dela, suka nufi ofishin biza. Jirgi zai tashi bayan la'asar, ofis kuma ana rufe shi da azahar. Sai wajen sha ɗaya da rabi layi ya zo kansu.

Ma'aikacin da ke bayan tebur sunansa Ustaz Hamad, dattijo mai tabarau, mai yin komai a tsanake. Ya jera takardun ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya zo kan wasiƙa ya karanta layin farko, ya buɗe fasfo, ya sake duba wasiƙa. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan shafin fasfon.

"Wasiƙa ta ce a kawo Barakatu," in ji shi da Larabci. "Fasfon nan ba na Barakatu ba ne."

"Ita ce, ya Ustaz. Haka muke kiran ta a gida."

"Tayyib. Amma ka ga fasfon suna ɗaya tak ke ciki, ba na uba ba na kaka, yawancin Jawa haka nasu yake. Ba ni da abin da zan haɗa wannan da wancan. Takardar aure kuma babu." Ya cire tabarau. "Bayan kowane hajji ana kawo mini matan da ba na masu kawo su ba. Ban ce kai ma haka ne ba. Abu mai sauƙi zan tambaye ka, ita kuma ta yi shiru. Mene ne sunan matarka?"

Gaskiya mutumin aikinsa yake yi, kuma babu tambayar da ta fi wannan sauƙi a duniya. Amma Mahmudu, ƙato mai ɗaukar ƙofar katako shi kaɗai, ya tsaya kamar an dasa shi. Sunan yana nan a kan harshensa. Ya buɗe baki, sai ya ga fuskar Inna tana tankaɗen gari a tsakar gida, bakin ya rufe kansa. Shekararsa arba'in da ɗaya bai taɓa furta kalmar nan ba. Ko a makarantar allo, in wata yarinya mai sunan ta ɓata masa rai, "ke" kawai yake ce mata.

"Ka rubuta in ba za ka faɗa ba," in ji Ustaz Hamad, ya tura masa alƙalami.

Rubutun Mahmudu bai wuce lambobin awon katako ba. Ya dubi alƙalamin, ya dubi agogon bango. Saura minti ashirin. Mutanen da ke bayansa suka fara gyaran murya, wani ya ce, "Yalla ya sheikh, mu ma muna da jirgi." Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Zai rasa ganin uwarsa saboda kunyar uwarsa, kuma ya san in ya tafi ba tare da Barakatu ba bai cika mata burinta ba.

"Ya Ustaz," ya ce da ƙyar, "sunan mahaifiyata gare ta. Mu ba ma faɗa."

"To, mene ne sunan mahaifiyar taka?"

Wani a layi ya tuntsire da dariya. Zufa ta keto wa Mahmudu har cikin ido. Ya yanke shawara zai faɗa, Allah ya yafe masa, Inna ba za ta ji ba. Har ya ja numfashi.

Sai Barakatu ta taɓa bakin rigarsa. Hausarta ta Hindawiyya ce, mai ɗan karkacewa, amma ba ta kuskuren abin da take nufi.

"Malam, bari. Ka ce ya karanta har ƙasa. Inna ta dangwala hannu."

Ashe ita ta fi shi riƙe wasiƙar. Sau uku ta sa mijin Dela ya karanta mata, har ta kusa haddacewa. Mahmudu ya faɗa wa Ustaz Hamad. Dattijon ya mai da tabarau, ya bi layi-layi da yatsa. A tsakiya ya ga inda tsohuwa ta ce a kawo mata takwararta. A ƙasa ya ga shuɗin tambarin babban yatsa, ga sunan mai yatsan a rubuce, ga hatimin mai unguwa ya hau rabinsa. Ya ɗaga hannu daga kan fasfo, ya kara takardun biyu kusa da juna, ya daɗe yana kallo.

Mahmudu ya sunkuyar da kai yana jiran ya ji an karanta sunan a gaban jama'a. Ustaz Hamad bai karanta ba. Ya jawo takardar neman biza, ya rubuta a gefe cewa mai fasfon ita ce aka fi sani da Barakatu, ya sa hannu. Ya hura wa hatimi iska, ya buga.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Shekara goma sha biyu ina tambayar maza sunan matansu. Masu ƙarya duk sun haddace, ba sa ko numfasawa. Ka gaida hajiya."

A bakin ƙofa Mahmudu ya zauna a kan matakala yana ta alhamdu lillahi. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ka har tafin ƙafa. Barakatu ta tsaya a kansa tana riƙe da fasfo da hannu biyu, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Wallahi Malam, saura kaɗan in bar ka ka faɗa. Ina son in ji yadda zai fito a bakinka."

"Me ya hana ki?"

"Na ga fuskarka. Yalla, tashi, yara na jira."

Washegari da rana jirgi ya tsaya a Bur Sudan. Na'ibi na bakin tasha. Mahmudu bai iya tambaya ba, fuskarsa kawai ya duba. Na'ibi ya ce, "Tana nan, Yaya. Tun safe take sa a leƙa hanya."

Sun same ta a jingine da matashi, ta rame ƙwarai. Mahmudu ya durƙusa, ta shafa kansa, ta shafa kan jikoki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙa hannu cikin iska tana lalube. Barakatu ta matso ta durƙusa, tsohuwa ta kama fuskarta, ta bi goshi da kumatu da yatsu.

"Ke ce Zakiya?" in ji ta.

Mahmudu da Na'ibi suka dubi ƙasa a tare. Duk gidan ita kaɗai ke da ikon faɗin sunan, kuma rabon da Barakatu ta ji an kira ta da shi tun mahaifinta na da rai. Ta ɗora hannunta a kan na tsohuwar. Tsohuwa ta sake kira, a hankali, har sau biyu. A na ukun ne ta iya cewa, "Na'am, Inna."