Takalman da Suka Ƙi Fita

A Bahia ƙafar mutum ake fara kallo kafin fuskarsa. Bawa ba ya sa takalmi, ko da ubangijinsa ya sa masa rigar siliki da agogon aljihu. Turawan Fotugal sun tattara tun kafin a haife ni, suka bar mana sarki namu na kanmu a Rio, amma wannan al'adar ba su tafi da ita ba. Shi ya sa ranar da na fanshi kaina ban wuce gida ba, ban wuce coci ba, shagon takalma na nufa.

Na nuna wasu baƙaƙe masu ƙyalli da tsinin baki. Mai shagon ya dubi ƙafata, wadda duwatsun garin nan suka baje ta kamar faifai, ya ce in gwada tukuna. Na ce masa ba yau na fara sayen takalmi ba. Ya naɗe mini su.

Honorata, uwar 'yata, mai suyar ƙosai a bakin tashar jiragen ruwa, ta jujjuya su a hannu.

"Tiburcio, na yarinyar ne?"

"Nawa ne."

"Da wace ƙafar? Ko akwai wata da kake ɓoye mini?"

Sau ɗaya na sa su zuwa coci, na dawo ina dafa bango. Daga nan na ƙulle igiyoyinsu na rataya su a wuya, kamar yadda 'yantattu da yawa ke yi. Mai ido ai ya ga ina da su.

Aikina dai bai canza ba. Kujera mai labule muke ɗauka a kafaɗa, mu hau da masu hali daga garin ƙasa zuwa garin sama. Ni a gaba, Anacleto a baya. Shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, don haka compadre muke kiran juna. Shi har lokacin bawa ne.

A shekarun nan yaƙin Paraguay ya cinye masu zuwa da son ransu, aka koma kama mutane a kan titi ana kai su soja da ƙarfi. Ba a taɓa bawa, don dukiyar wani ne. Ba a cika taɓa mai auren coci ba. Ni kuwa ba ni da ubangiji, kuma ni da Honorata ba mu taɓa tsayawa gaban limamin coci ba. A idon gwamnati gwauro ne ni mai lafiyayyen ƙirji. Waɗanda aka kwasa daga unguwarmu kuwa, ba mu ga ko ɗaya ya dawo ba.

Wani hantsi muna jiran fasinja kusa da kaskon Honorata, sai ga wani sajan mai kaurin gashin baki da sojojinsa, suna jan mutane a ɗaure da igiya guda. Ƙasa yake kallo yana tafe, ƙafa bayan ƙafa.

"Compadre," in ji Anacleto ƙasa-ƙasa, "jefa takalman cikin kujera ka ja labule."

Ban yi sauri ba. Sajan ya riga ya ɗora bakin sandarsa a kan takalman.

"Na wane ne waɗannan?"

"Na ubangidanmu ne, Seu Sajan," in ji Anacleto, yana haɗa masa da "Seu" na girmamawa. "Gyara za mu kai."

"Ba kai na tambaya ba." Ya juyo gare ni. "Kai, kana da ubangiji?"

Da na ce e, da ya wuce. Amma ƙuruciyata duka a hawan dutsen nan na ƙarar da ita don kada in sake faɗin wannan e ɗin. Ga kasuwa kuma ta yi tsit tana saurare, kuma maganar da mutum ya faɗa gaban soja takan bi shi har gida. Na zauna a kan sandar kujera na fara cusa ƙafa. An daɗe ana jira. Wani soja har ya sayi ƙosai.

Na miƙe tsaye, idona na ruwa. "Nawa ne, Seu Sajan. Ni kuma ba na kowa ba ne."

"Madalla. Sarki na gaishe ka. Ku ɗaure shi."

"Ya Ubangijin cocin Bonfim," in ji Honorata, "dubi abin da ka ba ni a matsayin namiji."

Aka sa ni a tsakiyar igiya, muka kama hawa zuwa bariki. Ni da nake hawan nan da ƙaton ɗan kasuwa a kafaɗa ina fito, yau tafiyar agwagwa nake yi. In na tsaya, kowa ya tsaya. In na durƙusa, na gaba ya dawo da baya. Wani masunci da ke ɗaure a bayana ya ce, "Sannu a hankali, ɗan'uwa. Mu ba sauri muke ba."

Ba mu kai rabin hawan ba sajan ya ƙosa.

"Ku cire masa su!"

Soja ɗaya ya riƙe ni ta hammata, biyu suka kama dunduniya suna ja. Ƙafar ta riga ta kumbura ta cika ko'ina. Suka ja har wandona ya fara bin su, takalman ko motsi. Sajan ya zaro wuƙa.

Ashe Honorata ta bar kaskonta ta biyo mu, da matan tasha a bayanta, masu kifi da masu lemo.

"Jama'a ku fito ku gani!" Muryarta har tsibirin da ke tsallaken ruwa ake jin ta. "Rana tsaka ana yanke wa ɗa takalmi! Ina za ka kai shi ba takalmi, Seu Sajan? Bariki, ko wurin dillalin bayi?"

"Dona, ki yi shiru," in ji sajan.

"In yi shiru? Yau shi, gobe bayin mutanen benen can!"

Tagogin benaye suka fara buɗewa. Sajan ya ɗaga kai ya ga matan manya suna leƙe. Ya san abin da ke samun sojan da aka gani yana jan baƙin mutum mara takalmi: kafin yamma wani mai gonar rake yana ƙofar kwamanda yana cewa an sace masa bawa. Ya dubi wuƙar, ya dubi ƙafata, ya dubi sauran hawan. Sai ya yanke igiyar.

"Sarki soja yake nema wanda zai kai Paraguay. Kai ko ƙofar cocin can ba za ka kai ba."

"A gaya masa na yi niyya," na ce.

Masuncin nan ya dube ni kamar na ci amanarsa. Suka wuce.

Tsayuwa ta gagare ni. Anacleto ya koma ya zo da kujerar, shi da wani abokin aikinmu, suka zuba ni ciki. Tunda nake ban taɓa ganin cikinta ba sai in zan share. Taushi gare ta, ashe. Na ɗage labule na miƙo ƙafafuna waje, don duk wanda muka wuce ya gani.

"Compadre, ka fi ƙatuwar fasinjarmu Dona Quiteria nauyi," in ji Anacleto.

"Nauyin 'yanci ne. In ka samu za ka ji."

Honorata na tafe a gefe tana huci. Ta ce in mun je gida za ta tsiyaya manja a ciki, in sun fita sun fita, in ba su fita ba a binne ni da su.

"Ranar Lahadi kuma za mu je wurin limamin coci a ɗaura auren nan," ta ce, "kafin a samu sajan da ba ya jin kunyar taga."

"Da takalman zan je?"

"A wuyanka."