Ƙusar Baba Arvo

Ɗakin da ke saman garejin Baba Arvo Kinnunen ba kyauta nake kwana a cikinsa ba. Da na watsar da makaranta, mahaifiyata ta ce in nemi wurin zama, shi ne tsohon ya ba ni ɗakin da sharaɗi ɗaya: duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka a garin Calumet, in share masa hanyar mota kafin ya gama shan kofi. Ɗakin yana warin fetur da tsohuwar safa, amma akwai hita mai ɗumama ɗaki, kuma ba ni da wani.

Ran nan dusar ta kwana tana zuba har ta kai gwiwa. Na jawo injin share dusa daga gareji, na murɗa cok mai rage masa iska, na danna 'yar robar da ke tura fetur, na yi ta fizgar igiya har kafaɗata ta yi tsami kafin ya yi tari ya kama. Na juya bututun da ke feso dusar ya kalli gefen gidan maƙwabciyarmu Mama Lempi, don can ne fili yake. Na matse hannun injin na hagu ya fara tafiya, na matse na dama haƙoran gabansa suka fara cin dusa.

Duk wanda ya taso a nan ya san ƙusa ce mai laushi ke riƙe da haƙoran nan. Da gangan ake yin ta haka: in sun haɗiyi dutse ko daskararriyar jarida, ita ce za ta karye, haƙoran su tsaya. Baba Arvo kuwa ya gaji da sayenta. Tun bara ya zare ta ya ɗaura wata ta ƙarfe zalla da ya tsinto a gwangwani, yana alfahari wai shi ba ya ciyar da masu kanti.

Abin da ban sani ba, barewar da ya harbo a makon jiya, bayan ya feɗe ta, ya tara fata da huhu da kitse a baƙar leda ya ajiye a bakin hanya, wai zai kai juji. Aka yi kwanakin ɗumi ledar ta kumbura, sannan dusa ta binne ta.

Injin ya yi gurnani, ya girgiza ni har haƙora. Da ƙusar kirki ce a ciki, da nan zai tsaya. Bai tsaya ba. Kafin in saki hannun dama ya niƙe ledar ya watsa ta bututu. Warin ya shige mini hanci ta cikin mayafin wuya, na durƙusa na amayar da abin karyawata a kan takalmina.

Da na ɗago, farin bangon Mama Lempi ya koma ja da ruwan ƙasa. Gashi ya manne a tagar kicin ɗinta, wani abu mai yauƙi yana reto a jikin kwanon da take zuba wa tsuntsaye hatsi.

Baba Arvo ya fito da kofinsa. Bai kalli bangon ba, gaban injin ya fara leƙawa, ya yi murmushi ya ce ƙusarsa ko lanƙwasa ba ta yi ba. Sannan ya matso ya yi ƙasa da murya. Shi da Mama Lempi sun daɗe ba sa ga maciji a kan iyakar fili, kuma ba zai ba ta abin faɗa ba.

"Ka ce mata motar share titi ce ta turo mushe bakin hanya. In ka ambaci leda, samari, yau ka nemi wurin kwana."

Mama Lempi ta fito sanye da kwat ɗin marigayi mijinta. Ta daɗe tana duban tagar.

"Wade, mene ne wannan a gidana?"

Na tuna sanyin da aka ce za a yi a daren, na tuna kujerar motar abokina da na taɓa kwana a kai. Na faɗa mata abin da aka ce in faɗa, idona a ƙasa.

Ta sa ƙafa ta juya wani yankin baƙar leda a kan matakala. "Ashe mushen bana da ledarsa yake zuwa. Arvo, tsufa bai koya maka kunya ba, sai aikan yaro ya yi maka ƙarya." Tsohon ya kurɓi kofinsa ya koma ciki.

Na kashe injin, na zare wayar fulogi, na yi ta zungurar bututun da sandar tsintsiya, don ba a sa hannu a ciki ko da injin a kashe yake. Abin da ya fito ba na son tuna shi. Mama Lempi ta miƙo mini bokitin ruwan zafi. Na watsa a bango, ruwan ya gangara kaɗan ya daskare, ya rufe ƙazantar kamar an sa mata gilashi. Ta ce in bari haka, ba abin da zai fita sai Afrilu in ƙanƙara ta narke.

Ɗakin dai yana hannuna. Tagarsa ɗaya ce, kuma bangon nan take kallo.