Zagaye na Takwas

A ƙungiyar gudu ta kamfanin sabulu babu mai kiran mutumin nan da sunansa na yanka. Agogo ake ce masa, kuma ya ci sunan. In Koci, mai horar da su, ya ce masa ya zagaya fili cikin daƙiƙa sittin da shida, to sittin da shidan zai kawo, ba ƙari ba ragi, ko ana ruwa ko ana rana. Shekara goma sha ɗaya ke nan aikinsa ɗaya ne, shi ne mai ja. Idan an tashi tseren mita dubu biyar, wato zagaye goma sha biyu da rabi, shi yake shiga gaba, ya tare iskar da ke dukan ƙirji, ya daidaita wa na bayansa taku. Da zarar ya cika zagaye takwas, Koci zai tafa hannu sau biyu. Sai Agogo ya karkace ya hau ciyawa daidai wani murfin kwata na ƙarfe da ke bakin layi, ya dafa gwiwoyi, ya bar wa 'yan tsere fili su ƙarasa.

Bayan kowace gasa akan liƙa takardar sakamako a allon da ke ƙofar filin. Kowa da sunansa, a gaban sunan kuma lokacin da ya yi, har wanda ya zo na ƙarshe yana jan ƙafa. Can ƙasa, inda ruwan sama yake fara jiƙa takardar, nan sunan Agogo yake zama da kalmomi uku a gabansa: bai ƙarasa ba. Mutumin da bai taɓa makara wurin atisaye ba, abin da ake rubuta masa ke nan shekara da shekaru. Yakan wuce allon kansa a sunkuye, amma sai ya karanta.

Wanda ya fi kowa cin moriyar ƙafafunsa kuwa ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Auta. Agogo ne ya fara kai shi fili a bayan kekensa, ya ba shi tsohon takalminsa. Yanzu kofunan Auta sun cika kabad ɗin mahaifiyarsu, tana goge su duk mako kamar za a ci abinci a ciki. In baƙi suka zo takan nuna hoton Auta ta ce, "Wannan shi ne ɗan tseren." Sannan ta tuna babban yana zaune a wurin, sai ta ƙara da cewa, "Yayan ma yana ɗan gudunsa." Ba da mugun nufi take faɗa ba, shi ya sa ma ya fi ciwo.

A bana gwiwar Agogo ta hagu ta fara ƙara in ya hau matakala. Likitan kamfani ya matsa nan ya matsa can, ya ce masa in yana so ya riƙa tafiya da ƙafarsa in ya tsufa, wannan shekarar ce ta ƙarshe. Da Agogo ya tashi daga aikin jera sabulu a kwali, sai ya nufi ɗakin ajiye kaya na filin, inda warin man zafi da na tsofaffin takalma suke gaisawa. Ya tarar da Koci yana ƙirga riguna.

"Koci, wata alfarma nake nema."

"Faɗi, in dai ba hutu ba ne."

"Gasar ƙarshen shekara. Ina so ka rubuta ni cikin masu tsere. Ina so in ƙarasa."

Koci ya yi dariya har da dukan cinya, sai da ya ga fuskar Agogo ba wasa sannan ya haɗiye sauran. Ya jawo masa benci.

"Zauna, Agogo. Akwai mai gudu, akwai ɗan tsere, kuma ba abu ɗaya ba ne. Mai gudu da lokaci yake hulɗa. Ɗan tsere mutum yake farauta. Ƙaninka in ya ji numfashin wani a ƙeyarsa, wata mugunta ce take taso masa. Kai kuwa in ka ji numfashi a bayanka, matsawa kake yi ka ba da hanya. Ba zagi ba ne. A duk ƙasar nan ban ga mai gudu kamarka ba."

"Ai kai ka koya mini matsawar, Koci."

Koci ya ci gaba da ninke rigar da ya riga ya ninke. Can ya ce, "Shi ke nan. Ranar babu mai ja, kowa ya yi ta kansa. Amma kada ka ce ban faɗa maka ba."

Matar Agogo tela ce, keken ɗinkinta yana bakin taga a ɗakinsu na gaba. Ba ta taɓa zuwa kallonsa ba. Ta ce ita ba za ta iya zama ta ga mijinta yana gaba sannan ya kauce da kansa ba, hawan jini zai kama ta. Da ya ba ta labari sai ta dakatar da keken, ta dube shi sosai. Washegari ta dawo daga kasuwa da firam ɗin hoto mai gilashi, ta ari guduma a maƙwabta, ta kafa ƙusa a bango daidai saman keken.

"Takardar nan ta allo za mu roƙa a ba mu," in ji ta. "Ko na ƙarshe ka zo, Maigida, ban damu ba. In dai lamba ce a gaban sunanka."

"Na ƙarshe kuma? Kin raina ni."

"Ni na isa? Cewa na yi ko."

Mako bakwai ya yi yana shiri. Da yamma yana filin yana ja wa Auta da sauran kamar kullum, don aikin bai tsaya ba. Nasa atisayen sai da safe kafin ya shiga aiki, a kan titin bayan kamfani, saboda ba a buɗe filin da wuri. A titin nan yakan yi mita dubu biyar cif, wani lokaci har da ƙari, numfashinsa daidai, gwiwar tana ƙorafi amma tana biyayya. Ya horar da huhu, ya horar da cinya. A cikin filin kansa kuwa, ko sau ɗaya bai taɓa wuce murfin kwatar nan a zagaye na takwas ba, kuma bai ga abin damuwa a ciki ba.

Ranar gasa da la'asar, su goma sha huɗu suka jeru a layi. Matarsa ta rufe ɗinki ta zo, tana zaune a benen 'yan kallo da jakarta a cinya. Aka harba bindigar tashi, sai ga abin dariya. Babu mai son shiga gaba. Manyan 'yan tsere suka dunƙule suna taka ƙasa kamar masu rakiyar gawa, kowa yana satar kallon Agogo. Sun saba. Shi ya ƙudura zai lafe a tsakiya, amma jinkirin ya riƙa ci masa rai kamar ƙaiƙayi. Zagaye ɗaya ya iya daurewa. A na biyu ya buɗe ƙafa ya wuce.

Babu wanda ya bi shi. Me zai sa su bi? 'Yan sauran ƙungiyoyi sun san shi sarai, sun san inda yake sauka, suka bar shi ya je ya gaji. A zagaye na biyar ya ba su tazarar taku talatin. A na bakwai da ya waiga a kwana, sai ya hango su can baya, Auta a tsakiyarsu yana jiran lokaci. Karo na farko a rayuwarsa babu numfashin kowa a ƙeyarsa. Ƙirjinsa wasai, gwiwar ta yi shiru. Ya lissafa abin da ya rage, ya ga ko sun taso yanzu da wuya su kamo shi. Daɗi ya kama shi har ya ji tsoro. Ashe ba ƙarasawa kaɗai ba, cinyewa zai yi.

Ya shigo miƙaƙƙen layi na cika takwas. Koci yana tsaye inda yake tsayawa kullum, idonsa a kan Auta, ya ga tazarar ta yi yawa. Ya ɗaga murya ya ce, "Takwas!" Ya tafa hannu sau biyu.

Agogo bai yanke shawarar komai ba. Wannan shi ne abin da zai yi ta faɗa wa kansa daga baya, kuma gaskiya ne. Kansa yana can yana lissafin zagaye huɗu da rabi, ƙafafunsa kuwa suka ji tafi suka yi abin da aka koya musu. Ya karkace hagu. Ya ji laushin ciyawa a ƙarƙashin takalminsa, ya ji hannuwansa sun sauka a kan gwiwoyi. Sai da ya ga murfin kwatar a tsakanin ƙafafunsa sannan ya gane inda yake.

Ya zabura zai koma, alƙalin da ke wurin ya ɗaga masa hannu cikin ladabi. Wanda ya fita daga layi da ƙafarsa ya fita ke nan, Agogo ya fi kowa sanin wannan doka. Yana tsaye suka zo suka wuce shi, iskarsu ta bugi rigarsa. 'Yan kallo suka tafa masa irin ɗan tafin da suka saba yi wa mai ja, na an gode, a matsa.

Auta ne ya ci. Ya zo da gudu ya rungume shi, jikinsa sharkaf da zufa, yana haki yana dariya.

"Yaya, wallahi yau ka ja mu yadda ba ka taɓa yi ba! Har na fara zaton da gaske kake."

Koci ma ya ƙaraso ya dafa kafaɗarsa. "Na san kai mai hankali ne," in ji shi, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Ko Auta ya tafa wa, ko shi ya tafa wa, ko hannun ne kawai ya saba kamar yadda ƙafar ta saba, Agogo bai tambaya ba. Ya san kowace amsa aka ba shi ba za ta mayar da shi kan layi ba. Wani baƙin ciki ya kama shi, kuma abin haushin shi ne ya rasa wanda zai fi jin haushi, Koci ko ƙafafunsa. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Barka, Auta."

A ƙofar fili har an liƙa takardar, gam ɗin bai bushe ba. Matarsa tana tsaye a gaban allon, ta bi sunayen da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ba ta ce a roƙo musu ita ba. Suka kama hanyar gida a ƙasa, yana tura keke, tana gefensa, har suka wuce katangar kamfani.

"Gwiwar ce?" ta tambaya a hankali.

Mafita ce ta ba shi, ya gane. Da ya ce e, da ta samu abin faɗa wa maƙwabtan da suka ba ta aron guduma, da mahaifiyarsa ta yi masa sannu, da kowa ya huta. Ya ɗan yi ɗingishi taku biyu, sai kunya ta kama shi, ya daina.

"Gwiwa lafiyarta ƙalau."

"To me ya tsayar da kai, Maigida? Ina ƙirgawa da yatsuna. Huɗu suka rage da ɗan abin da ba a rasa ba. Babu kowa kusa da kai."

"Babu abin da ya tsayar da ni," in ji shi. "Nan ne wurin da nake tsayawa."

Da suka shiga ɗaki ta ajiye jaka, ta ɗauki firam ɗin daga kan keken ɗinki, ta tura shi ƙarƙashin gado da gilashin yana kallon ƙasa. Ta tsaya tana duban ƙusar da ke bango, kamar za ta je aron guduma ta cire ta. Sai ta zare tef ɗin awo daga wuyanta ta rataya a kai, ta zauna ta ci gaba da ɗinkin da ta bari.