Ranar da Ɓuntu Ya Yi Kasuwa a Garo

Shekara goma sha ɗaya Raliya ta yi tana gumin shinkafa a Garo, ba ta taɓa sayen makamashi ba. A bayan injin casa na Alhaji Mijinyawa akwai tulin ɓuntu kamar tsauni, shi kansa mai injin roƙon mata yake su rage masa. Da shi take cika murhu, ta turara duro biyu na shanshera, ta shanya, ta kai inji a cashe mata.

Wata Talata da hantsi ta je ɗiba tare da maƙwabciyarta Altine, sai suka tarar an zagaye tulin da waya, ga tirela ana yi mata lodi. Alhaji Mijinyawa na zaune a benci yana kallo. Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da gajiya, Raliya ta ce, "Alhaji, yau kuma me muke gani?"

"Ɓuntu ya yi kasuwa, Raliya. Wani kamfanin siminti ya saye na shekara guda."

"Siminti da ɓuntu? Me ya haɗa su?"

"Ƙonawa za su yi a madadin baƙin mai. Ni dai an ce kada in bar ko kwano ɗaya ya fita."

Suka koma da buhunansu a naɗe. Daga ranar mata suka koma itace, itace kuwa ya yi tsadar da ba ta barin riba. Altine, wadda marayu huɗu ke hannunta, ta shiga daji ta sari reshen marke, malamin daji ya kama ta, ya ƙwace gatarin, ya yi mata faɗa a gaban mutane kamar ya kama ɓarauniya. Raliya ta ga matar nan ta dawo tana share hawaye da bakin mayafi.

Ana haka aka ji kamfanin ya kira taron wayar da kai a Gwarzo. Raliya ta bar aikinta ta shiga mota. Wani matashi mai fara'a, Zainulabideen, shi ne wakilin kamfanin. Ya bayyana cewa a sabon tsari an yanka wa kowace babbar masana'anta iyakar man da za ta ƙona. Wadda ta rage, a ba ta takardar shaida, ita kuma ta sayar wa wadda ta wuce iyaka. "Kowa ya ci riba," in ji shi. "Iska ta gyaru, manomi ya samu." Aka yi tafi.

Raliya ta miƙe, duk da ba ta taɓa magana a taron maza ba.

"Malam, ni ban yi boko ba, amma na san wuta. Hayaƙin da kuka rage a can, nan ya dawo. Mu arba'in ne masu gumi a Garo, yanzu duk itace muke ƙonawa. Ku an ba ku takardar yabo kuna sayarwa, maƙwabciyata ta sari reshe ɗaya an wulaƙanta ta. Wannan lissafin wa ya yi shi?"

Zainulabideen ya gyara tsayuwa. "Hajiya, na ji kukanki. Amma harka ce ta kasuwa. Ba ƙwace muka yi ba, a hannun mai shi muka saya."

Mai shi. Kalmar nan ta bi ta har cikin mota, tana juya ta a rai. Kafin su kai Kabo ta buga cinya, har ta kusa da ita ta firgita. Shansherar tata ce. Ladan casa tana biya cif. To ɓawon da aka ɓare daga jikin shinkafarta, yaushe ya zama na mai inji?

Washegari ta tara matan, suka ɗunguma wurin Alhaji Mijinyawa.

"Alhaji, in ka kai rago wurin mahauci ya feɗe maka, ka biya shi, fatar ta wa ce?"

Ya yi dariya. "Ke dai faɗi abin da ya kawo ki."

"Ɓuntunmu muka zo karɓa."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce tun kafin ta fara sana'a ɓuntu na inji ne, wadda ba ta yarda ba ga hanya nan. Suka kuwa bi hanyar. Suka haɗa kai suka ɗauki shatar mota, suka riƙa kai shinkafarsu wani ƙaramin inji a Sabon Birni, bisa sharaɗin kowace ta dawo da ɓuntunta. Nisa ya ci su, kuɗin mota ya ci su, mata shida suka gaji suka janye. Raliya ta bi su gida-gida tana faɗa tana lallashi, biyu suka dawo.

A mako na uku tirelar kamfani ta zo Garo ta koma ko rabi ba ta cika ba, don inji in ba casa ba ɓuntu. Alhaji Mijinyawa ya aika a kira Raliya. Bai ba da haƙuri ba, bai ma dube ta sosai ba. Ya ce kowace mace ta kwashi na shinkafarta, na manyan 'yan kasuwa kuma ya sayar abinsa. Ta ce sun yarda, amma a faɗa a gaban mai unguwa. Aka faɗa.

Bai fi wata ba aka ji tirelar ta karkata Gammo. Wata Juma'a da la'asar mata uku daga can suka yi sallama a gidan Raliya, fuskokinsu a murtuke, don su ma an hana su ɓuntu. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna.

"Ku nawa ne masu gumi a garinku?" ta tambaya. "Ku fara da wannan."